GYAƊAR SHIMFIƊA DA MAGANAR ZAIZAYAR ƘASA A HARABARMU

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a Sabo, Ibadan)



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu mata da ke saurare daga rumfar can, 'yan'uwa fatake da samari, muna yi muku barka da yamma.

Ranar da shugaba ya aiko cewa mu ne za mu yi magana a zaman wannan wata, kuma wai a kan ciyawa, sai da muka yi dariya. Mu 'yan goro ne. Shekara 30 da ɗoriya muna kwance huhu muna ɗaurewa, karatunmu kuwa na allo ne da Islamiyya, ba mu taɓa shiga ajin aikin gona ba. To amma tun da katangar makarantarmu ta faɗi aka ɗora mana kula da haraba, yau damina uku ke nan muna fama da ƙasar wurin. Abin da muka gani da idonmu, da wanda muka tambayo wurin masu sani, shi za mu faɗa muku. Inda muka yi kuskure ma za mu faɗa, don kada wani ya sake biyan kuɗin da muka riga muka biya.

Duk kun tuna daren da katangar ta zube. Allah ya kiyaye, cikin dare ne, babu yaro ko ɗaya a gindinta. Da gari ya waye kowa ya ɗora laifin a kan mai gini, har da mu. Magini na biyu da muka kirawo bai ce komai ba, sai ya ja mu zuwa ɓangaren da bai faɗi ba, ya nuna mana inda shafen siminti ya tsaya. Lokacin da aka yi ginin, nan ne bakin ƙasa. A ranar kuwa, daga wannan layi zuwa ƙasa taƙi ɗaya da rabi ne, harsashin gini duk a waje kamar haƙorin tsoho. Ya ce, Alhaji, ina ƙasar nan ta tafi?

Amsar ba ta da daɗin ji, domin da hannunmu a ciki. Mu Hausawa mun taso da cewa gidan kirki shi ne wanda tsakar gidansa take a share fes, ko tsinke babu. Kullum da safe yara su bi haraba da tsintsiya, kowace shara tana tafiya da 'yar ƙasa, duk ciyawar da ta leƙo a tuge ta. A Kano ko Katsina wannan al'ada ba ta cika yin ɓarna ba, don ƙasar a shimfiɗe take, damina kuma wata huɗu ce ta wuce. Nan Kurmi fa? Ruwa yakan fara tun watan Maris ko Afrilu, ba zai ɗauke ba sai ƙarshen Oktoba, abin da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,200, ga garin duk tudu da gangare. Kakanninmu sun zauna a Sabo tun 1916, amma har yau sharar Arewa muke yi a ƙarƙashin ruwan Kurmi.

Ƙasar da ta bar gindin katangarmu kuma kwata ta shiga, daga kwata sai rafi. Manyanmu sun ga abin da Ogunpa ta yi ranar 31 ga Agusta 1980, mu duka kuma mun ga na ranar 26 ga Agusta 2011, wanda ya ci rayuka fiye da 100 a garin nan. Ba mu ce tsintsiyarmu ce ta kawo ambaliya ba. Akwai shara da ake zubawa a magudanai, akwai gine-gine a bakin rafi. Amma yashin da ke toshe kwata daga harabar wani ya fito, kuma tamu tana ciki.

Da aka sake tada katanga, shawara ta farko ita ce a daɓe harabar duka da siminti. Muka yi lissafi, asusun ƙungiya ba zai ɗauka ba. Ko da zai ɗauka, siminti ba ya shan ruwa, tura shi yake yi da ƙarfi gidan maƙwabci na ƙasa, ga zafin da yake riƙewa da rana yara ba su iya taka shi. Sai aka ce a rufe ƙasar da shuka.

Nan muka yi kuskurenmu na farko. Muka je wurin masu sayar da furanni a bakin titi, muka ce muna son abin da zai rufe ƙasa da sauri, ba ya bushewa. Aka cika mana buhu biyu da wata mai yaɗo da suke kira wedeliya. Kun san ta ko ba ku san sunanta ba, tana nan a gaban ofisoshi da otal-otal: ganye mai kauri da ɗan kaushi, bakinsa da tsaga-tsaga, furenta rawaya mai kunnuwa da yawa a kewaye kamar ƙaramar rana. Gaskiya ta cika alkawari, cikin wata biyu ta rufe ko'ina. Sai dai ba ta san iyaka ba. Ta haye 'yan gwandar da muka dasa, ta shaƙe su, ta gangara cikin kwata ta kama, ta ratsa ta ƙarƙashin ƙofa ta shiga lambun maƙwabcinmu Bayarabe, har sai da muka je ba da haƙuri. Duk guntun da aka yanke aka yar, nan zai tsiro. Daga baya muka ji cewa asalinta daga Amurka ta Tsakiya take, kuma masana sun sa ta cikin jerin abubuwa 100 mafi mamaye wuri a duniya. Rani guda muka yi muna tonon ta muna ƙonawa, har yau takan leƙo nan da can.

Wadda muka zo yin magana a kanta, wani dattijo Bayarabe ne ya haɗa mu da ita, tsohon ma'aikacin gona da ke sayen goro a wurinmu. Da muka ba shi labarin wahalarmu ya yi dariya, ya ce ku da kuka gaji gyaɗa, ai 'yar'uwarta ce maganinku. Bayan kwana biyu ya aiko da yaɗonta a jiƙaƙƙen buhu. Muna buɗewa muka ce, ai wannan gyaɗa ce! Ganye huɗu-huɗu, biyu na kallon biyu, da yamma su haɗe kamar mai tafi, fure rawaya sak na gyaɗa, ya buɗe da safe ya yi yaushi kafin rana ta faɗi. Bambancin shi ne ba ta miƙewa tsaye kuma ba ta mutuwa da kaka. Yaɗo take yi a kwance, kowace gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa, har su sarƙe su zama kamar tabarma, kaurinta ba ya wuce taƙi guda. Ba ta hawa bango, ba ta naɗe itace. Da yake ba mu san mata suna da Hausa ba, sai yaran makaranta suka sa mata gyaɗar shimfiɗa, sunan kuwa ya bi ta.

A littafin masana sunanta Arachis pintoi. Ku rubuta shi, domin shi za ku faɗa in kun je nema. Daga ƙasar Barazil take, wani masani mai suna Geraldo Pinto ne ya samo ta a jihar Bahiya a 1954, shi ya sa aka laƙaba mata sunansa. Daga nan aka kai ta ƙasashe irin su Kolambiya da Ostareliya, inda ake shuka ta don kiwon shanu da kuma rufe ƙasa a ƙarƙashin itatuwan lambu. Kada wani ya ce baƙuwa ce. Gyaɗar da aka tara dala da ita a Kano, wadda su Alhassan Ɗantata suka yi suna a kanta, ita ma asalinta Kudancin Amurka ne, jiragen Turawan Fotugal ne suka kawo ta Afirka. Baƙon da ya daɗe ai ɗan gari ne, mu mutanen Sabo ba sai an faɗa mana wannan ba.

To, yadda ake dasa ta.

Abu na farko lokaci. A dasa da zarar ruwa ya zauna, wato ƙarshen Afrilu zuwa Yuni. Wanda ya bari sai Satumba, rani zai riske ta ba ta yi ƙarfi ba. Akwai kuma ɗan tsaikon ruwa da akan yi a nan cikin Agusta, lokacin da a gida ake tsakiyar marka, kada a dasa a cikinsa sai in akwai mai bayi.

Kafin dashe a gyara wuri, kuma nan ne rabin aikin yake. A kafce ƙasa zurfin taƙi ɗaya, a tsince duk saiwar tofa da aya-aya da ƙiri-ƙiri da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Mun san aiki ne mai gajiyarwa, amma wanda ya bar su a ciki zai yi shekara yana nadama, don in sun sarƙe da yaɗon ba su ciruwa sai an yaga tabarmar. Ƙasar harabarmu ta daskare kamar daɓe saboda shekaru ana taka ta, sai da muka sa diga. A zuba ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu a cuɗa, wanda ya kwana biyu, ba ɗanye ba. Wanda ke da hali ya barbaɗa ɗan takin supa, irin wanda manoman gyaɗa suka sani. Yuriya kuwa a bar ta a buhu. Wannan shuka, kamar gyaɗa da wake, tana da wasu 'yan ƙuraje a saiwarta da ke samar mata da abincin da yuriya ke bayarwa. In ka zuba, ciyawa ka ciyar, ita ce za ta tashi ta danne abin da ka dasa.

Iri biyu ne, ko ƙwaya ko yaɗo. Ƙwayar tana da wuyar samu, kuma ba ta jure ajiya, in ta daɗe ba ta tsirowa. Yaɗo ya fi mana. A yanko mai ƙwari, ba ɗanyen kai ba, tsawon taƙi guda, mai gaɓa uku ko huɗu. A yanka da yamma a dasa da yamma ko washegari da sassafe, tsakani kuwa a naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu a inuwa. 'Yan goro ba sai an koya musu wannan ba, yadda kake tsoron iska ta sha maka goro haka za ka ji tsoronta a nan. A ja ɗan layi da bakin fartanya, zurfin yatsa, a kwantar da yaɗon a kishingiɗe, a rufe gaɓa biyu ko uku, a bar kan da ganyensa a waje, a danna da ƙafa. Tsakanin wannan da wancan taƙi ɗaya da rabi. In wurin gangare ne, layin ya gitta gangaren, kada ya bi shi, in ba haka ba ka haƙa wa ruwa hanya da hannunka. Mu a wurin da ya fi tsayi mun jera ɓaraguzan bulon tsohuwar katanga a ƙasan kowane layi, don su tare ƙasa kafin saiwa ta kama.

Sati biyun farko kada ƙasa ta bushe. Za ku ga ganyen ya yi yaushi, wani ma ya kaɗe, kada ku tuge, ku duba gindin gaɓa, nan sabon toho yake fitowa.

Sai kuma haƙuri, domin ita ba wedeliya ba ce. Wata biyun farko sai ka rantse ba ta motsi. Wasu daga cikin 'yan kwamiti, suna nan zaune ba za mu kalle su ba, sun ce Alhaji ya shuka kuɗin ƙungiya a ƙasa. A lokacin nan aikinta a ƙarƙashi yake. Abin da take bukata shi ne cirar ciyawa duk sati biyu, da hannu, ban da fartanya don tana datse yaɗo, ban da kuma maganin feshi. Mu sai da muka yi wata biyar kafin layukan su haɗe a gefen da ke samun inuwar mangwaro, ɓangaren da rana ke duka kuwa ya kai wata bakwai. Tana son inuwa-inuwa, shi ya sa take kyau a gindin itace, inda sauran ciyayi ke ƙi. Da ta rufe kuwa, ciyawa ta rasa wurin fitowa, cira ta koma sau ɗaya a wata, shi ma 'yan tsiraru.

Maganar rani, kada mu ruɗe ku. Ana ce mata mai kore duk shekara, kuma haka take inda akwai laima. Amma ruwan Badun yana gefen abin da take so ne, ba ya wadatar da ita har rani. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya busa ba a ba ta ruwa, ganyen zai ragu, wani wuri ya yi ja ya kaɗe. Ba mutuwa ta yi ba, tana jure fari na wata uku zuwa huɗu, ruwan farko yana sauka za ta farfaɗo. Wanda ke son ta zauna kore ya ba ta ruwa sosai sau biyu a sati, ya fi yayyafi kullum. Mu dabarar da muka yi, wurin alwalar makaranta muka ja wa 'yar hanya zuwa cikin shukar, ruwan da dā yake kwanciya yana tara sauro yanzu shi ke riƙe da gefen gabas duka, har da fure a tsakiyar Janairu. Amma iyayenmu mata, don Allah, ruwan wanki mai omo da ruwan wanke-wanke mai gishiri da manja a kai su kwata. Ba ta shiri da gishiri, mun ga inda aka riƙa zubawa a bayan kicin ya ƙone ya zama fili.

Tambaya uku aka fi yi mana, bari mu amsa su tun kafin a ɗaga hannu.

Ta farko maciji. Ba za mu rantse muku cewa maciji ba zai taɓa shiga ba. Abin da muka sani shi ne maciji abinci yake bi, abincinsa kuwa ɓera. Wannan shuka tana yin 'ya'ya a cikin ƙasa kamar gyaɗa, ƙanana, yawanci ƙwaya ɗaya a kwanso, ɓera da gafiya kuma suna tonon su. Saboda haka a riƙa sassabe ta sau biyu ko uku a damina, a bar tsayin yatsu huɗu, a bar fili kamu ɗaya tsakaninta da ƙofar ɗaki ko aji a zuba tsakuwa, kada kuma a tara itace ko tsofaffin kwanuka a kusa. In an ga ramin gafiya a sa tarko. Cikin damina uku sau ɗaya muka ga maciji a harabar, shi ma a cikin tarin bulo yake.

Ta biyu dabbobi. Wannan kam albishir ne. Ganyenta abinci ne mai kyau ga tumaki da awaki da shanu, danginsu ɗaya da harawar gyaɗa da muke saye da tsada ana kawo mana daga Arewa. Abin da muka sassabe bara ragunan layya biyu suka ci, ba su bar ko tsinke ba. Sai dai daɗin nan nata shi ne hatsarinta tana ƙarama. Akuya ɗaya ta shigo mana a wata na biyu, cikin yini guda ta tuge layi shida. A killace wurin har ta rufe ƙasa, bayan nan ma yanka a kai musu ya fi a ɗaure rago a kai, don turke da fitsari suna kashe wuri.

Ta uku, ko ana iya takawa? Ana iyawa, jefi-jefi. Amma hanyar da yara 200 ke bi safe da yamma ba shukar da za ta jure. A fitar da hanya a jera dutse ko bulo, filin wasa a bar shi filin wasa, ita kuma a ba ta gindin katanga, da inda ruwan kwano ke zuba, da gangare, da gindin itatuwa. Inda indararo ke kwarara da ƙarfi a sa duwatsu tukuna su karya ƙarfin ruwan. Wurin da kuma ya riga ya zama kwazazzabo, wannan ya fi ƙarfinta, sai an gina magudana an cike, in da hali a dasa jema a jere a gitta, sannan ita ta rufe tsakani.

Akwai gargaɗi guda da dattijon nan ya yi mana, mu ma muna miƙa muku. In ta kafu, fitar da ita aiki ne, saboda 'ya'yan da ta binne za su yi ta tsirowa. Kada a sa ta inda ake niyyar yin lambun alayyafo ko tumatir. A yi mata iyaka da bulo, duk yaɗon da ya tsallaka a datse. Wanda kuma yake haya, musamman 'yan'uwanmu da ke zaune a gidajen Yarbawa a wajen Sabo, ya nemi izinin mai gida kafin ya kafa fartanya. Kun san yadda maganar dashe a filin wani take da nauyi a ƙasar nan. Ko da yake wannan ba itace ba ce, a faɗa masa dai, a nuna masa gindin katangarsa, shi ma zai ga amfanin kansa.

Wasu dattawa sun tambaye mu ko za a kai ta maƙabarta, don kowa ya san abin da ruwa ke yi mana a can duk damina. A iya ganinmu za ta riƙe gefen hanyoyi da gangaren da ke bakin shinge. Amma maganar a dasa a kan kabari ko kada a dasa, wannan ba ta 'yan goro ba ce, ga malamai nan zaune, abin da suka ce shi za a bi.

Ga masu son ƙarin bayani, garin nan cike yake da masana aikin gona. Ga IITA a hanyar Oyo tun 1967, ga cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT a Idi-Ishin. Samarinmu da suka yi boko su riƙa shiga suna tambaya. In kuma wurin masu furanni za ku saya, ku ƙirga ganye kafin ku biya: huɗu-huɗu masu santsi, ita ce. In kun ga mai kaushi da tsaga a baki, ku ajiye musu kayansu.

Yanzu harabar makaranta tana da yaɗon da zai ishi gida 10 ba tare da an yi mata illa ba. Kwamiti ya amince a bayar kyauta, da sharaɗin duk wanda ya karɓa, in tasa ta rufe, zai ba wasu gida biyu. Za a fara da gidajen da ke layin gangare, waɗanda harsashinsu ya riga ya fito. Mai so ya ba sakatare sunansa yau kafin a tashi, ya je ya kafce wurinsa ya tsince tofa cikin satin nan, za mu zagayo mu duba. Ranar Asabar bayan la'asar a same mu a makaranta, kowa ya zo da buhunsa a jiƙe.